Kwamfuta Ɗaya, Mutane Da Yawa: Wa Ke Da Izinin Duba Ajiyar Wani?

 

Mas'alar da za mu duba a wannan mako ta shafi abin da ya zama ruwan dare a gidajenmu da makarantunmu da ofisoshinmu, watau kwamfuta guda ɗaya wadda mutane da yawa ke tarayya a cikin aiki da ita. Maigida yana da asusunsa, uwargida tana da nata, ɗan da ke jami'a shi ma yana da nasa, kowa da kalmar sirrinsa, kowa kuma da foldar da yake zuba takardunsa da hotunansa da wasiƙunsa. Tambayar ita ce: wanda ya sami hanyar buɗe foldar ɗan'uwansa, shin ya halatta gare shi ya buɗe ya duba?

Malamanmu na fiƙihu sun koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san surarsa, saboda haka bari mu fara da yadda na'urar take aiki. A cikin Windows, wanda shi ne ya fi yawa a hannun jama'armu, kowane asusu yana samun foldarsa ta kansa a ƙarƙashin wata babbar folda mai suna Users. Asusun kuwa iri biyu ne. Akwai na gama-gari, akwai kuma babban asusu, wanda masu sana'ar ke kira admin. Idan mai asusun gama-gari ya nufi foldar wani, na'urar za ta tsayar da shi, ta nemi kalmar sirrin babban asusu. Shi kuwa mai babban asusu, in ya nufi wurin, sanarwa ce kawai za ta fito ta gaya masa ba shi da izini a yanzu, tare da maɓalli guda wanda in ya danna ƙofa ta buɗe masa ke nan, kuma ta zauna a buɗe gare shi daga ranar, ba tare da an aika wa mai foldar wani labari ba. Bayan wannan, ko mutum ba shi da asusu a cikin kwamfutar sam, in dai ta shiga hannunsa, yana iya tayar da ita da wani tsari dabam kamar Linux daga cikin filashi, ko ya cire faifan ajiyarta ya jona wa wata, ya karanta abin da ke ciki, domin izinin nan da Windows ke tambaya Windows ne kaɗai yake girmama shi. A wajen masu Ubuntu ma, har zuwa shekarar 2021 kowane mai asusu yana iya karanta foldar ɗan'uwansa muddin ba a gyara tsarin da hannu ba, sai a fitowar watan Afrilu na wannan shekarar aka mai da rufewa ita ce asali.

To, ashe kalmar sirrin da mutum ke shiga asusunsa da ita ta fi kama da asabarin da ke rataye a bakin ɗaki a kan ƙofar ƙarfe mai kwaɗo. Tana hana idon mai wucewa, tana kuma sanar da kowa cewa nan wurin wani ne, amma mai gida da ke riƙe da mabuɗan gidan duka ɗaga ta kawai zai yi. Wannan shi ya mai da zancen ya zama na addini da ɗabi'a, domin a inda ƙarfe ya kasa tsarewa, tsoron Allah na mai riƙe da mabuɗi ne ya rage.

Abin sha'awa shi ne Alƙur'ani mai girma ya tsara wannan al'amari a cikin Suratun Nur daki-daki, kamar da halinmu na yau ake. Aya ta 27 ta hana shiga gidan da ba naka ba sai ka nemi izini ka yi sallama. A matsayina na mai koyar da Larabci ina son mai karatu ya lura cewa kalmar da ta zo a wurin ita ce isti'inasi, daga tushen da ke nufin sabo da natsuwa, watau ka tabbata mai gidan ya sake da shigarka, ba wai ya yi shiru don kunya ko don ya rasa yadda zai yi da kai ba. Aya ta 28 ita ce ta fi dacewa da mas'alarmu, domin ta yi magana a kan gidan da ka tarar babu kowa a ciki, ta ce nan ma kada a shiga sai an ba da izini, in kuma aka ce a koma to a koma. Foldar ɗan'uwanka a sa'ad da ya tashi daga kan kwamfuta gida ce da mai ita ba ya nan. Sanarwar da ke fitowa ta ce ba ka da izini, ita ce a koma ɗin. Sa'an nan aya ta 29 ta ɗauke laifi ga shiga wuraren da ba mazaunin kowa ba ne, waɗanda mutum ke da wata bukata a cikinsu, kamar masauki da rumfunan kasuwa, kuma misalinsu a kwamfuta shi ne foldar nan ta kowa da kowa mai suna Public, wadda duk abin da aka ajiye a cikinta an ajiye shi ne don a gani.

Wani zai ce ai wannan hukuncin baƙo ne, mu kuwa 'yan gida ɗaya ne. Surar ba ta bar wannan ƙofa ba. Aya ta 58 ta umurci yaran gida da masu hidima su nemi izini a lokuta uku, kafin sallar asuba, da tsakar rana sa'ad da ake tuɓe tufafi don hutawa, da bayan sallar lisha. Aya ta 59 kuma ta ce in yara sun balaga su riƙa neman izini kamar manya. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin mutumin da ya tambayi Annabi, mai tsira da amincin Allah, ko zai nemi izini kafin ya shiga wajen mahaifiyarsa, aka ce masa ya nema, ya kawo hujjar cewa gida ɗaya suke kuma shi ke yi mata hidima, aka sake ce masa ya nema, aka kuma tunatar da shi cewa ba zai so ya same ta a halin da ba ta suturta ba. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Risala, littafin da kusan kowane almajiri a ƙasar nan ya ratsa, cewa neman izini wajibi ne, kuma sau uku ne, in ba a amsa ba a juya. Kakanninmu sun gina wannan hukunci da ƙasa da azara: zaure, sa'an nan shigifa, sa'an nan tsakar gida, kowace mace da ɗakinta, kowace kuma da adakarta wadda ko mijinta ba ya buɗewa sai ta ce ya buɗe.

Har ila yau, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa wani mutum ya leƙa ɗakin Annabi ta wata kafa, Annabi kuwa yana riƙe da abin taje kai, ya nuna masa fushi mai tsanani, ya kuma bayyana cewa saboda gani aka shar'anta neman izini. Wannan bayani yana da nauyi ƙwarai. Ya nuna cewa illar hukuncin ita ce ido, ba ƙafa ba. Mutumin nan bai taka cikin ɗakin ba, bai ɗauki komai ba, kuma ba shi ya huda kafar ba, samun ta ya yi. Saboda haka wanda ya ce ai ni ban goge komai ba, ban kwafi komai ba, na ga asusun a buɗe ne kawai na duba, ya sani cewa uzurinsa daidai yake da na mai leƙen nan. Akwai wata ruwaya a cikin Sunan na Abu Dawuda da ta yi gargaɗi na musamman a kan duba wasiƙar ɗan'uwa ba da izininsa ba, sai dai shi Abu Dawuda da kansa ya raunana ta, kuma ba mu da bukatar jingina da ita tun da ingantattun sun wadatar.

Yanzu bari mu zo ga hujjar da ta fi kowace ƙarfi a bakin mutane, wadda kuma ta fi kowace rusa gidaje: mai gaskiya ba ya ɓoye komai. Miji ya ga matarsa ta sa kalmar sirri, sai zuciyarsa ta ce masa da babu rami me ya kawo maganar rami. Lalle wannan magana tana da daɗin ji, amma ba ta da tushe. Al'aura ba zunubi ba ce, duk da haka an wajabta rufe ta. Annabi Yaƙubu ya umurci ɗansa Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare su, da kada ya ba 'yan'uwansa labarin mafarkinsa, alhali mafarkin alheri ne tsantsa. Sadakar ɓoye ta fi ta bayyane a mafi yawan halaye. Mutum yana da takardar asibiti, yana da lissafin bashin da ya yi masa katutu, yana da rubutun da ya fara bai gama ba wanda yake jin nauyin a gani, yana da taimakon da yake yi wa wani dangi a asirce don kada ya tozarta shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake laifi.

Akwai kuma wani abu da masu wannan hujja ke mantawa, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan mas'alar. Mafi yawan asirin da ke cikin foldar mutum ba nasa ba ne shi kaɗai. A foldar uwargida akwai saƙon ƙanwarta da ta kawo mata kukan aurenta, akwai hoton ƙawarta ba mayafi a wajen biki na mata zalla. A foldar malamin makaranta akwai sakamakon ɗalibai da tambayoyin jarrabawar da ba a yi ba tukuna. A ta ma'aikacin jinya akwai sunayen marasa lafiya da cututtukansu. Ko da mai foldar ya so ya ba da izini, ba shi da ikon ba da abin da ba nasa ba. Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya aiki Anas ɗan Malik wata bukata yana yaro, ya yi jinkirin komawa gida, mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta tambaye shi wace bukata ce, ya ce mata asiri ne, ita kuwa maimakon ta matsa masa sai ta ƙarfafa shi a kan ya riƙe kada ya gaya wa kowa. Uwa ke nan da ɗanta ƙarami. Ta gane cewa abin da ke cikin ƙirjin yaron amanar wani ce, kuma haƙƙinta na uwa bai kai can ba.

Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta jera abubuwa uku a bisa tsari: yawan zato, sa'an nan tajassusi, sa'an nan giba. Malaman tafsiri sun lura cewa jerin nan shi ne yadda cutar take tafiya, zato ya haifi bincike, bincike ya haifi yi da mutum. Kalmar tajassusi kuwa tushenta shi ne taɓa abu da hannu don a gane abin da ke ƙarƙashinsa, kamar yadda likita ke taɓa jijiya, daga nan kuma aka samo sunan ɗan leƙen asiri a Larabce. Mai bin foldar iyalinsa da tsakar dare, yana buɗe wannan yana rufe wancan, aikin da kalmar ta siffanta shi yake yi sak. Kuma Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa an hana matafiyi ya faɗo wa iyalinsa da dare da nufin ya kama su da ha'inci ko ya nemi tuntuɓensu. Abu Dawuda kuma ya kawo daga Mu'awiya gargaɗin Annabi cewa bin diddigin aibobin mutane lalata su yake yi, ko ya kusa lalata su. Mun ga gaskiyar wannan da idonmu. Matar da ta gane ana bincikenta ba ta ƙara gaskiya, ƙwarewa take ƙarawa a ɓoyo, ta sayi wata waya, ta buɗe wani asusu, amincin da ke tsakani kuma ya tafi.

Shin babu togiya ke nan? Akwai, amma ƙofarta ƙunci gare ta. A shekara ta 8 bayan Hijira, gab da buɗe Makka, Haɗibu ɗan Abi Balta'a ya rubuta wa Ƙuraishawa wasiƙa yana sanar da su shirin Musulmi, ya ba wata mace ta kai. Annabi ya aiki Aliyu da Zubairu da Miƙdadu suka cim mata a wani wuri da ake kira Raudatu Khakh, suka tilasta mata ta fito da wasiƙar daga cikin kitsonta. A nan an buɗe wasiƙar wani ba da izininsa ba, amma a duba sharuɗɗan: labarin tabbatacce ne, cutar ta shafi rayukan jama'a, kuma abin da aka je nema shi kaɗai aka karɓa. Almawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450, ya bi wannan hanya a cikin littafinsa na hukunce-hukuncen mulki, inda ya hana mai hisba binciken abin da yake ɓoye, sai fa idan amintacce ya kawo labarin wata ɓarna da in aka yi jinkiri ba za ta gyaru ba, kamar mutumin da ya keɓe da wani don ya kashe shi. In hukuma mai takobi an ɗaure hannunta haka, ina ga mai kishi da zato kawai ya taso shi? Dokar ƙasa ma ta bi sawu, domin sashe na 37 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya kare sirrin gidajen mutane da wasiƙunsu, dokar laifuffukan kwamfuta ta 2015 kuma ta haramta kutsawa cikin na'urar wani ba da izini ba don wata mugunyar manufa.

Sha'anin yara dabam yake, domin uba makiyayi ne kuma za a tambaye shi. Yaron da bai balaga ba, daidai ne a buɗe masa asusun gama-gari, a ajiye kwamfutar a inda ido ke kaiwa, a iyakance masa lokaci da wuraren da zai shiga a intanet. Sharaɗin da nake gani shi ne a gaya masa a fili cewa ana dubawa. Kulawar da yaro ya san da ita tarbiyya ce, yana girma da sanin cewa akwai mai lura da shi, wadda kuwa ake yi masa a ɓoye tarko ce, ranar da ya gano ta kuma darasin da zai ɗauka shi ne babba yana iya yin leƙe in ya ga dama. Idan ya balaga sai a sassauta, a koma ga zama da hira da nasiha, kada a buɗe ajiyarsa sai alama mai ƙarfi ta bayyana ta abin da zai halaka shi, kuma ko a nan ya fi kyau a kira shi a buɗe a gabansa.

Shi kuma mai ajiya yana da nasa nauyin, domin an umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sa'an nan ya yi tawakkali. Kada kowa a gida ya riƙa aikin yau da kullum da babban asusu, a bar shi ga mutum ɗaya da aka yarda da shi. In za ka tashi, ka danna maɓallin Windows tare da harafin L, allon ya kulle. Kada ka ruɗu da ɓoye folda daga gani, wannan ɗan firamare ma yana iya bayyanar da ita. Ka sani kuma cewa filashi da ka kwafe takardu a ciki yawanci ba ya ɗauke da wani izini, duk wanda ya tsince shi ya karanta. Abin da ya kai a kira shi kwaɗo na gaske shi ne ɓad-da-kama, watau a rikiɗa rubutun ya zama ba ya karantuwa sai da mabuɗinsa. BitLocker, wanda ya fito tare da Windows Vista, yana rikiɗa faifan ne gaba ɗaya, saboda haka yana maganin ɓarawon da ya sace na'urar, amma ba ya shiga tsakaninka da abokin tarayyarka da ya riga ya shiga da asusunsa. Wanda ke son ya killace folda guda daga kowa, har da mai babban asusu, sai ya nemi irin su VeraCrypt ko 7-Zip, dukansu kyauta ne, ya sa kalmar sirri mai tsawo. Musamman wanda asirin wasu ke hannunsa, a ganina wannan ya kusa zama wajibi a kansa, domin a babin ajiya malamanmu sun ce wanda aka ba amana ba ya biya in ta salwanta sai in ya yi sakaci, barin takardun mutane a buɗe a kwamfutar tarayya kuwa sakaci ne. Kwamfutar ofis kuma dukiyar masu ofis ce, mai hankali ba ya zuba al'amuran gidansa a ciki.

Masu gyaran kwamfuta da masu kula da na'urorin ma'aikatu, hukuncinsu hukuncin likita ne. An halatta wa likita ya ga gwargwadon wurin ciwo, ba a halatta masa ya wuce nan ba, abin da idonsa ya faɗa a kai bisa larura kuma ya mutu a cikinsa. Wanda aka kawo wa na'ura don ya sauya mata allo, ba shi da wata hulɗa da foldar hotuna.

Saura mas'ala ɗaya da ɓad-da-kama ta haifar, wadda ya kamata a yi tanadinta tun ana da rai. Abin da aka rikiɗa, in mabuɗinsa ya ɓace, ya tafi ke nan, ko maƙerinsa ba ya iya dawo da shi. Mutum kuwa yana iya rasuwa alhali takardun bashin da ake binsa da wanda yake bi da shaidar filaye suna kulle a ciki, haƙƙin magada da na masu bashi ya tozarta. Hadisin Ibnu Umar da ke cikin Buhari da Muslim ya kwaɗaitar da duk mai abin yin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba. Saboda haka a raba ajiya gida biyu. Abin da ya shafi haƙƙoƙin mutane a ware shi wuri guda, a rubuta mabuɗinsa a takarda, a liƙe, a damƙa wa amintacce tare da wasiyya. Idan kuwa ba a yi wannan tanadi ba, har ya zama dole a buɗe asusun mamaci, to magada su wakilta mutum ɗaya mai riƙon amana, ya shiga da niyyar mai wankan gawa, ya fitar da takardun bashi da na dukiya ya miƙa wa masu rabon gado, wasiƙu da hotunan da suka shafi wasu rayayyu ya mayar wa masu su ko ya goge, abin da ya gani bayan wannan kuma kada ya gaya wa kowa, ko da matar mamacin ce ta tambaye shi. Allah ne Mafi sani.